Allon Madara Mai Fuska Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Babbar baƙuwarmu, jami'ar hukumar da ke duba kayan abinci, tare da 'yan rakiyarta. Babbar nas ta asibitin haihuwa da ke jikin katangarmu. Malamai da dattawa. Masu shaguna, masu tebur, da masu kasa kaya a ƙasa. 'Yan dako da masu gadi. Iyaye mata da nake hange can baya a tsaye da goyo, saboda kujeru ba su kai kansu ba. Ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar da ba ta tsallake kowa ba.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni yau da ƙafata. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taro, suka kafa rumfa, suka share fili. Ina godiya ga Sakatare da ya sa ni cikin masu magana. Da zai sa ni ɗin, cewa ya yi, "Baba, kai ne mafi tsufa a kasuwar nan. Tarihi kaɗan, godiya kaɗan, addu'a, sai ka zauna." Na ce masa to. Tarihin zan bayar, sai dai ban yi alkawarin wanda zan ɗauko ba.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni maƙerin gwangwani ne. Gwangwanin da kuka shanye kuka yar, shi nake saye in yanka, in buga, in liƙe da dalma, ya koma fitila, ko mazurari, ko ma'aunin mai. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana wuce shi zan yi. Ana ce mini Baba Ƙi-faɗi, wasu a gabana, mafi yawa a bayana. Na shigo kasuwar nan tun tana layi biyu da rijiya ɗaya.

Dalilin taruwarmu kowa ya ji shi. Hukuma ta kawo mana takardar yabo, wai kasuwarmu ta bi dokar sayar da madarar jarirai. Ga ta can a kan tebur cikin gilashi, ana jira in gama a miƙa. Kafin nan akwai abin da ya kamata ku sani. Jiya da la'asar an aiko mini daga ofishin ƙungiya cewa idan na taɓa wata magana a nan, rumfata ta fita daga hannuna, domin dokar ƙungiya ta ce duk wanda ya fitar da maganar gida waje ba ɗan gida ba ne. Na ji saƙon. Na ba ɗan aiken ruwa ya sha. Maganar kuwa yanzu zan taɓa ta.

Abu na farko, ita dokar. Ni ban karanta ta ba, karanta mana aka yi a wannan fili, kuma kunne ya girmi takarda. Abin da na riƙe shi ne: ba a hana kowa sayar da madarar jarirai ba. Talla aka hana. Kada a kafa allo, kada a liƙa hoton jariri, kada a raba ta kyauta don a ɗanɗana, kada a ce sayi biyu a ba ka kofi, kada ɗan kamfani ya je yana tare mai ciki ko mai jego a hanya. Na ji wasu suna cewa dokar mutanen ofis ce, waɗanda ba su san zafin ciniki ba. To, ni na san zafin ciniki, kuma na san lokacin da babu dokar. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Abu na biyu shi ne wancan lokacin, kuma a nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da tsoho.

Shekarar da aka buɗe asibitin nan, 'yata ta fari ta haihu a cikinsa. Namiji, lafiyayye, mai ƙarfin kuka. Ita kuma Allah Ya ba ta nono, har jiƙa mata riga yake yi. Ranar da aka sallame ta, a bakin ƙofa, wasu mata masu fararen kaya suka tare ta da fara'a. Duk mun ɗauka ma'aikatan asibiti ne. Wa zai ga farin kaya a ƙofar asibiti ya tsaya tambaya? Suka yaba yaro, suka sa mata gwangwanin madara a jaka, da kwalbar shayarwa mai kan roba, suka ce kyauta ce. Mu kuwa an raine mu a kan cewa ba a mayar da hannun kyauta baya.

A lokacin akwai wani allo a bakin kasuwa, da hoton jariri mai kumatu kamar an hura. Mijin 'yata direban babbar mota ne, mutumin kirki, mai son ya ga iyalinsa sun fi na kowa. Ya dawo daga tafiya, ya ga allo, ya ga gwangwani a ɗakinsa, sai ya ga ai arziki ne ya shigo. Na ce masa, "Ɗana, yarinyar nan tana da nono, me ya kai ku?" Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ai zamani ya wuce nan. Abin da akuya ma take ba ɗanta, shi ɗana zai tashi a kai?" Na ce, "Akuyar ka taɓa ganin ta a layin asibiti?" Muka yi dariya ni da shi. Dariya muka yi.

Gwangwanin kyauta ya ƙare. Kafin ya ƙare yaro ya saba da kan roba, ya ƙi mama, nono kuma da ya ga ba a nemansa sai ya janye. Iyaye mata na baya, ku ne shaidata, haka yake ko ba haka yake ba? To, daga nan sai saye. Ana saye, ana saye, sai motar mijin ta lalace a wata uwa duniya, ya maƙale can yana jiran kayan gyara. Ita kuwa kunya ta hana ta zuwa gidan uba ta ce babu.

Duk gwangwanin da ya ƙare, ni take aiko wa, tunda sana'ata ce. Da fari suna zuwa a kai a kai. Daga baya sai na ga ana daɗewa ba a aiko ba. Na zauna a rumfa ina wannan tunani: yaro na girma, ciki na ƙara faɗi, ya kamata gwangwani ya riƙa saurin ƙarewa, ga shi sai ƙara daɗewa yake. Na ajiye guduma na tafi gidan.

Na tarar da ita a tsakar gida da yaron a cinya. Na karɓi kwalbar na ɗaga ta sama, na hangi reshen bishiya ta cikinta. Ruwa ne aka nuna wa madara. Na ce, "Ke, mene ne wannan?" Ta ce, "Baba, ai har yanzu fari ne." Ba wauta ce ta sa ta faɗi haka ba. Uwa ce da ta rage cokali don gobe ma a samu. Gawayin tafasa ruwa ma auna shi take yi. Yaron ya kwana biyu yana zawo, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun shige, kukan nan mai ƙarfi ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Muka kawo shi asibitin nan. Nas ta gaskiya ta karɓe shi, tana neman jijiyar da za ta sa masa ƙarin ruwa tana faɗa, "Wa ya ce ki daina ba shi nono?" 'Yata ta ce, "'Yar'uwarki ce, mai farin kaya, a bakin ƙofa." Nas ta tsaya cak, ta ce, "Waɗannan ba namu ba ne." Ranar muka fara jin haka. Yaron bai kai la'asar ba. Ni na ɗauke shi a hannu zuwa makwancinsa, kuma wallahi gudumar da nake aiki da ita ta fi shi nauyi. Ubansa ya dawo da tsarabar manyan gwangwanaye biyu, ya tarar da mutane zaune a ƙofar gidansa.

Na san rai na Allah ne, kuma kowa da kwanansa. Amma Wanda Ya rubuta kwanan, Shi ne Ya sa abincin a ƙirjin uwa, da ɗuminsa, da tsabtarsa, ba wuta ba cokali.

Da mu kaɗai ne, da na ce jarrabawar gidana ce na yi shiru. Amma gwangwanayen nan daga gidaje da yawa suke zuwa hannuna, kuma ina riƙe da gidajen. Gidan mai gyaran keke, mace. Gidan mai kifi na ƙarshen layi, namiji, har ya fara zama. Gidan mai wankin hula, tagwaye, ɗaya ta bi ɗaya. Shugaba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in kunyata ka ba ne. Kana da ƙanwa. Kana ƙarami sosai lokacin, wataƙila ba a taɓa ba ka labarin yadda ta tafi ba. Mahaifinka mai gishiri abokina ne, rumfunanmu na kallon juna, ni na raka shi maƙabarta. Mahaifiyarka tana raye, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ka je gida ka tambaye ta.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce tsohon nan gaba yake da madara. Ga Tela nan zaune. Matarsa ta rasu wurin haihuwa ta bar masa 'yan biyu, babu mai shayarwa a dangi. Da madarar gwangwani aka raine su, nas ce ta nuna wa kakarsu awo, ta nuna mata tafasa ruwa da wanke kwalba, kuma ga su nan sun zama magidanta, ɗaya har ya fi ubansa tumbi. Akwai uwar da ciwo ya hana, akwai wadda likita ya hana. Don irinsu aka yi ta. Magani ce, kuma mai buƙatar magani shi ke zuwa nema. Ba a bin mai lafiya da shi har ƙofar gida ana yi masa kirari.

Abu na uku, shi ne wanda aka ce kada in taɓa.

Bayan an zo an karanta mana doka, aka sauke allunan talla, kowa ya gani. Ba a daɗe ba sai ga Dila, wanda duk madarar kasuwar nan ta hannunsa take shigowa, shi da Sakatare, har rumfata. Dila ya zauna a kan bencina, ya tambayi gwiwata, ya tambayi jikoki. Sannan ya ce, "Baba, aiki na kawo maka, irin wanda sai tsohon hannu. Alluna nake so na ƙarfe, masu fuska biyu, a kan sanda mai juyawa. Fuska ɗaya sabulu, ɗaya madara." Na ce, "Sabulun da madarar aure za su yi?" Ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan. Idan jami'ai sun taho, mai gadin babbar ƙofa zai busa usur, kowa ya tura nasa da sanda, sabulu ya fito. In sun tafi a mayar." Sakatare ya ce, "Kamfani ya yi alkawarin rufe mana dogon layi da kwano. Kai ma ai rumfarka na yoyo." Na ce, "Tana yoyo." Dila ya ce, "To, ka gani. Hoto ne fa kawai, Baba. Hoto ya taɓa cizon wani?" Na ce, "Ya taɓa. Tashi mini daga benci."

Ba na raina maganar rufin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga mai atamfa tana kuka a kan kayanta bayan ruwan sama, na ga buhunan sukari sun zama dutse. Muna buƙatar rufin nan, kuma mun daɗe muna roƙonsa a inda ya kamata ba a ba mu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kamfani ba kawunmu ba ne. Kwanon da zai ba mu, a bakin jarirai zai fanshe shi.

Da na ƙi, aka kai aikin wajen kasuwa, wani ya ƙera. Ban ga laifinsa kamar na wanda ya aike shi ba, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Aka kafa allunan. Kuma masu fararen kaya sun dawo. Yanzu ba sa tsayawa a jikin ƙofa, tsallaken titi suke, da waya a hannu, suna karɓar lambar masu ciki, wai za su riƙa aiko musu da shawara.

Za a ce na tona asirin gida a gaban baƙi. Na je gidan Shugaba na faɗa masa, ya ce za a duba. Na je shagon Dila, ya sa aka kawo mini lemo. Na tashi a taron dattawa, aka ce Baba ya fara rikicewa. Ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, a nuna mini ita. Yau kuma da safe, kafin motar baƙuwarmu ta gama shigowa, duk wanda ke kasuwar nan ya ji usur.

Ranki ya daɗe, ki ɗaga kai ki dubi saman layin masu kayan shayi. Kin ga allon can mai hoton sabulu? Akwai irinsa a kowane layi. Ni gwiwata ba za ta kai ni da sauri ba. Ina neman mutum ɗaya, cikin duk jama'ar nan, da zai ɗauki sanda ya tura gefensa.

Ba kowa? To, zan jira. Tsoho ba ya gajiya da jira.

Tela, kai ne? Allah Ya yi maka albarka. Bi a hankali, akwai kwata a gabanka. Gefen hagu za ka tura. Yauwa.

To, jama'a, ga shi nan. Ku dube shi da kyau, kada ku sunkuyar da kai, ai kullum a ƙarƙashinsa kuke wucewa. An sake masa riga, an sake launin gwangwani, amma kumatun nan na san su. Yaron allo ba ya zawo. Yaron allo ba ya rama, ba ya tsufa, ba a ɗaukarsa a hannu a fita da shi. Namu ne ake ɗauka.

Abu na huɗu roƙo ne, kuma gajere ne.

Ranki ya daɗe, takardar nan ki koma da ita. Ba mu ci ta ba tukuna. Amma ina roƙonki kada fushin ya sauka a kan masu tebur da ƙananan shaguna, waɗanda aka kawo musu allo aka ce su rataya. A bi igiyar har inda aka ɗaure ta. In za ku dawo kuma, ku bar motar a nesa, ku shigo da ƙafa ta ƙofar masu gawayi, a ranar da ba ku gaya wa kowa ba.

Babbar nas, ki gaya wa kowace mai jego kafin ta fita cewa farin kaya ba shi ne asibiti ba. Ku da kuke ciki kun san naku, mu na waje ba mu sani ba.

Magidanta, ku nake ji wa tsoro fiye da mata, domin mu ne masu son a gani. Gwangwani a kan kantar ɗaki ba shaidar arziki ba ce. In kana da abin kashewa, ka ciyar da uwar, ita ta san yadda za ta isar wa ɗanka.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, ku sayar da madara ga wanda ya zo nema, ku ajiye ta a kan kantar shago kamar sauran kaya, ba kirari, ba kyautar kofi, ba allo. Wadda za ta tsaya a ƙarƙashin hoton nan gobe tana lissafin ko nononta ya isa, ba baƙuwa ba ce. 'Yar wani ce a cikinmu.

Shugaba, na dawo gare ka. Dokar ƙungiya da hannuna aka kafa ta, ba zan ce yau ba ta hau kaina ba. Ba sai an wahalar da kowa da zaman kwamiti ba, ba sai an sayo kwaɗon kulle rumfa ba. Tun da sassafe na kwashe maƙerata da almakashina da gudumata, rumfar tana can a share, ku ba wanda kuka ga dama. A gaya masa kawai ya matsar da kayansa daga kusurwar gabas idan hadari ya haɗu.

Ni kuwa na riga na ga wurin zama. Tsallaken titi, daura da ƙofar asibiti, akwai gindin katanga mai inuwa, dab da inda masu fararen kaya suke tsayawa. Wurin ba na ƙungiya ba ne, ba na kamfani ba ne. Nan zan shimfiɗa buhuna daga gobe. Duk mai goyon da ta fito aka tare ta da fara'a, za ta tarar da wani tsoho mai surutu a gefe, yana buga gwangwani, yana ba da labarin jikansa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ranar da kuka ga wurin babu kowa, to an ɗauke ni ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su kai ga yin magana ba, Ya sanyaya zukatan iyayensu. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya wadata masu shayarwa, Ya raya abin da suke goye da shi. Allah Ya ba marayu masu riƙo na gari. Allah Ya ba shugabanninmu ƙarfin faɗin a'a a inda a'a ta dace, Ya ba kasuwarmu rufi ta hanyar da ba za mu ji kunyarta ba. Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya mayar da baƙinmu gida lafiya, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Wanda maganata ta ɓata wa rai, ya yafe mini zafinta, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na gode.